Mai Karanta Ramukan Kyasbin Bishiya

A unguwar Abakpa ta Kaduna akwai wani tsohon malamin kimiyya da ba ya wuce mangwaro bai tsaya ba. Sai ya zaro ɗan gilashinsa mai ƙara girman abu sau 10, ya kafa ido a jikin ɓawo kamar mai duba ƙwarƙwata. Abin da yake dubawa shi ne tabon nan mai ruwan toka da yara ke kira kyasbin bishiya, masana kuma laiken.

"Ɗana, wannan abu biyu ne a riga ɗaya," ya ce da ni. Naman gwari ne ya gina gida, gansakuka ta zauna a ciki tana dafa musu abinci da hasken rana. Simon Schwendener ɗan Suwizalan ne ya fara faɗin haka a 1867, aka yi ta musa masa.

Gwanintar Malam tana wajen ramuka. Ni duk ɗaya nake ganinsu, shi kuwa a'a. Rami mai zagayayyen baki kamar ƙaramin ƙoƙo a saman fata, nan ne naman gwarin yake fitar da irinsa. Fararen ɗigo inda fatar ta buɗe, ƙofar shan iska ce. Wanda gefensa ya yi kaca-kaca kuwa, katantanwa ce ta yi kalaci. Sai ya ɗaga gefen da farce ya leƙa ƙasa, domin irin da ake kira Sticta a can yake ɓoye ramukansa, masu santsi kamar an huda da allura. Shi Sticta ba ya son bushewar Kaduna, ya fi son dazukan tsaunuka masu laima.

Idan ido ya gaza, sai ya kankare fatar da reza, ya ɗiga bilic a kan farin cikin. Na ga wani ya rikiɗe ja nan take, har na ja da baya. Dabarar William Nylander ce ta 1866, kuma shi ne ya lura a Faris cewa hayaƙin gari yana korar laiken, tunda ba shi da saiwa, iska da ruwan sama yake sha.

Shi ya sa Malam ba ya ɓata lokaci a bakin titi inda Keke Napep ke tirnuƙe hayaƙi. Cikin lungu yake shiga, musamman da damina, lokacin da ƙurar hunturu ta wanke, kyasbin ya jiƙe ya koma kore.