Haƙuri Dabam, Diyya Dabam

Ran Laraba 26 ga watan Mayu, 2021, wani jirgin ruwa ya taso daga Lokon Minna, cikin Jihar Neja, za shi Wara ta ƙasar Ngaski. Mutum fiye da 150 ke ciki, har da mata da yara, ga kuma kaya tuli. Bai kai gaci ba ya dare a tsakiyar Kwara. Waɗanda suka tsira kaɗan ne. Ma'aikatan hukumar hanyoyin ruwa suka ce lodi ne ya fi ƙarfinsa.

To, in irin wannan ta auku, ko a ruwa ko a hanyar mota, abin da aka saba sananne ne. Manya su zo gaisuwa, hukuma ta ba da gudummawa, dangi su ce, "Ƙaddara ce, an yafe." Shi ke nan, sai magana ta mutu. Wannan al'ada kuwa tana da aibi, ko da ya ke ana ganinta kamar tsoron Allah ce.

Lalle ajali ba ya wuce ranarsa. Amma addinin da ya koyar da yarda da ƙaddara, shi ne kuma ya wajabta diyya bisa wanda ya kashe mumini da kuskure. Yana nan cikin Suratun Nisa'i, aya ta 92. Malaman Malikiyya sun ƙayyade ta, raƙuma 100, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000. Matuƙin da ya ɗora wa jirgi abin da ya san ba zai iya ɗauka ba, alƙali ne ya kamata ya duba al'amarinsa, ba zauren gaisuwa ba.

Har wa yau, diyya gado ce, ana raba ta kamar sauran dukiyar mamaci. Baligi yana da ikon yafe rabonsa. Amma wa ya ba baffa ikon yafe rabon maraya? Wanda ya yi haka ya yi kyauta da kayan wani.

Dokar zamani ma ba ta bar iyali haka nan ba. A Ingila, kafin 1846, in an kashe mutum da sakaci, iyalinsa ba su da hanyar neman kome. A shekaran nan aka gyara. Jihar Arewa ta yi tata dokar a 1956, wadda ta ba iyalin mamaci iznin kai ƙara, ta kuwa lura da masu rabon diyya bisa shari'ar Musulunci. Sai dai irin wannan ƙara tana da wa'adi, in an yi jinkiri sai ta faɗi.

Wani zai ce, "Mai jirgi talaka ne, ina zai sami raƙumi ɗari?" Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Amma shari'a ba ta ɗora diyyar kuskure bisa mutum guda ba. Danginsa na wajen uba su ke tara ta, cikin shekara uku. Motoci kuwa tun 1945 aka yi dokar da ta tilasta musu inshora. Me zai hana ƙungiyar masu jirage ta kafa asusu domin wannan? Ran da suka san aljihunsu zai yi kuka, su da kansu za su hana lodin ganganci.

Abin da ya kan kā da ƙara shi ne rashin shaida. Nan ne wanda ya yi yaƙi da jahilci zai amfani garinsu. Shi rubuta sunan kowane fasinja tun a bakin ruwa. In tsautsayi ya auku, shi rubuta rana, da sunan mai jirgi, da na shaidu, da na magada. Sa'an nan magada su zauna da alƙali ko lauya kafin kowa ya ce ya yafe.

Gudummawar hukuma alheri ce, a gode. Amma diyya bashi ce, bashi kuwa hanji ne, yana cikin kowa.