Waƙar Sawaba da Kujerar Ɗan Adawa

Gabatarwa

A Achilafiya na fara jin waƙoƙin NEPU, daga bakin wani dattijo da ke zama a gindin darbejiya kusa da gidanmu. Idan ya rera baiti biyu ko uku sai ya tsaya, ya ba mu labarin ranar da aka kama shi don ya maƙala tauraro a rigarsa, wato alamar jam'iyyar. Da na girma na shiga nazarin adabi, sai na koma wa waɗannan waƙoƙi da tambaya guda: me suka kare? Amsar da na samu ita ce, sun adana mana shaidar zaluncin da aka yi wa 'yan adawa fiye da kowace takardar hukuma, amma jam'iyyarsu suka kare, suka bar haƙƙin adawa kansa babu mai tsaya masa. Wannan giɓi nake son in haska.

Yanayin da ya haifi waƙoƙin

An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950. A lokacin ƙasar Kazaure tana cikin Lardin Kano, kuma a ko'ina a Arewa 'yan doka da kotunan alƙalai da gidajen yari duk suna hannun En'e. Ita ce ke ba da izinin taron siyasa, ita ce ke hanawa, ga shi kuma manyan jam'iyyar NPC mai mulki daga cikinta suka fito. Wanda ka yi takara da shi jiya, shi ke da iko da wanda zai yi maka shari'a gobe. A 1953 aka ga bayyanar gungun da ake kira Jam'iyyar Mahaukata a Kano, masu far wa 'yan NEPU da duka. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta sha ɗauri har ana lissafa mata sau goma sha shida, a zamanin da matan Arewa ba su ma da ikon jefa ƙuri'a.

A irin wannan hali, waƙa ta zama jaridar wanda bai iya boko ba. Ana haddace ta, ana ɗauke da ita daga kasuwa zuwa kasuwa, babu ɗan dokan da zai iya ƙwace ta daga aljihu. Mawaƙa irin su Mudi Sipikin da Gambo Hawaja sun yi wannan aiki da gaske, kuma duk mai nazarin tarihin Arewa yana cin moriyarsu. Ban zo don in rage musu wannan daraja ba.

Abin da waƙa ta tsallake

Gwarzon waƙoƙin Sawaba shi ne mutumin da aka ɗaure, aka yi wa bulala, ya fito bai sauya ba. Hoto ne mai ƙarfi, yana kuma shiga zuciya. Sai dai akwai wani nau'in zalunci wanda ba ya barin tabo a baya, shi ne wanda ake yi wa wakilin da jama'a suka zaɓa.

Mu ɗauki Alhaji Ibrahim Imam na Barno. Ya ajiye muƙamin babban sakataren NPC a 1954, ya koma ɓangaren adawa, ya zama jagoran 'yan adawa a Majalisar Dokokin Jihar Arewa a Kaduna. Bayan tarzomar da ta rutsa da magoya bayansa a Maiduguri a 1958, siyasa a gida ta gagare shi. A zaɓen 1961 sai daga ƙasar Tibi ya sami kujera, da taimakon Joseph Tarka. Shi kansa Tarka, yana ɗan majalisar tarayya aka gurfanar da shi tare da Obafemi Awolowo bisa zargin cin amanar ƙasa a 1962, daga baya aka sallame shi. Zaɓen 1961 da shari'ar Tarka sun faru ne bayan an sa babin haƙƙin ɗan Adam a tsarin mulkin 1960, bisa shawarar Hukumar Willink.

Idan aka kori wakili daga mazaɓarsa, dubban mutanen da suka jefa masa ƙuri'a su ma an rufe musu baki. Wannan asara ta jama'a ce, ko da wakilin ba ɗan jam'iyyarka ba ne. A cikin waƙoƙin da na saurara, na ji kukan ɗaurarre, na ji kirarin jagora, amma ban ji an yi wa wannan asara makoki ba. Dalilin, a ganina, yana cikin ginin waƙar ne. Waƙar jam'iyya ta gaji tsarin waƙar fada: akwai ubangida da za a yaba, akwai magabci da za a yi wa zambo. Majalisa kuwa wuri ne da aka gina don magabta biyu su zauna ƙarƙashin rufi ɗaya, kowa ya faɗi tasa ya koma gida lafiya. Tsarin yabo da zambo ba shi da gurbin da zai ajiye wannan ma'ana.

Zambo, makamin kowa

Sunan shahararriyar waƙar Gambo Hawaja, A Yau Ba Maƙi NEPU Sai Wawa, ya isa misali. Suna ne mai armashi, kuma ana iya fahimtar zafin da ya haife shi. Amma abin da yake koyarwa shi ne duk wanda ya saɓa maka ba shi da hankali. Mawaƙan NPC kuwa sun zarce haka, suna siffanta 'yan NEPU da marasa tarbiyya masu raina na gaba, suna kuma amfani da ƙawancensu da NCNC ta Kudu don sa shakka a kan addininsu. Ba na daidaita ɓangarorin biyu, domin ɗaya yana da kurkuku, ɗayan baki kawai gare shi. Duk da haka, harshen da ke fitar da abokin hamayya daga sahun mutanen kirki shi ne ke share wa mai kulki hanya, ko a bakin wa ya fito.

Sa'adu Zungur ya nuna cewa akwai wata hanya. Waƙarsa Arewa Jumhuriya ko Mulukiya gargaɗi ce ga sarakuna da hujja, kuma Mudi Sipikin ya mayar masa da martani da Arewa Jumhuriya Kawai. Wannan musayar ita ce mafi kusa da zaman majalisa a adabinmu na wancan zamani: ra'ayi biyu, kowanne a tsaye, babu wanda ya nemi a shafe ɗan'uwansa. Abin takaici, zambo ya fi muhawara saurin yaɗuwa. Da PRP, magajiyar NEPU, ta rabe gida biyu a Jamhuriya ta Biyu, Santsi da Taɓo, sai makamin da aka wasa don azzalumi ya koma kan 'yan gida ɗaya.

Kammalawa

Maganar ba ta tsufa ba. A Nijar, maƙwabciyarmu ta arewa da Ɓaɓura, Hama Amadou yana shugaban majalisar dokoki ya bar ƙasar a 2014 bayan ya raba gari da gwamnati, kuma daga gidan yarin Filinge ya yi takarar shugaban ƙasa a 2016. A Najeriya, Majalisar Dattawa ta dakatar da Sanata Abdul Ningi na Bauci ta Tsakiya a watan Maris na 2024, saboda abin da ya faɗa kan kasafin kuɗi a hira da Sashen Hausa na BBC. Kowa yana iya riƙe ra'ayinsa game da laifi ko gaskiyar waɗannan mutane, amma a duk tsawon dakatarwar mazaɓa guda ta zauna babu murya. Mawaƙan siyasarmu na yau, masu situdiyo da miliyoyin masu sauraro a waya, har yanzu a kan tsohon tsarin nan suke, yabon ubangida da zambon magabci.

Dattijon nan na Achilafiya ya rasu da tabon bulala a bayansa, kuma waƙa ce ta hana a manta da irinsa. Abin da ya rage wa marubutan zamaninmu shi ne aikin da na gaba ba su kai gare shi ba, wato su tsaya wa ɗan majalisar da ba su zaɓa ba ranar da aka zo hana shi magana.