Wane ne ɗan asali? Sharhi kan littafin Nurse da Spear game da Suwahilawa, da abin da ya shafe mu a Damagaram

1. Gabatarwa

Abin da ya sa na koma ga wannan littafi, duk da tsufansa, shi ne wani kundin digiri da aka ba ni in duba. Ɗalibin ya yi bincikensa a ƙauyukan Hamdara, cikin gundumar Mirya, kan bukukuwan aure da haihuwa. Ya yi ƙwazo, ya zauna da dattawa, ya ɗauki muryoyi masu yawa. Amma a babin hanyoyin bincike sai ya ce ya tsame duk abin da ya ga yana da alaƙa da Larabci ko Barebarci, domin ya kai ga «al'adar asali». Da haka ya zubar da sadaki da waliyyi da raɗin suna na ranar bakwai, abin da ya rage masa bai cika shafi goma ba. Labarin da wani tsoho ya ba shi, cewa kakansu daga Barno ya zo, ya tura shi ƙasan shafi ya kira shi tatsuniya.

Laifin ba na ɗalibin ba ne shi kaɗai, mu muka koya masa. Kuma an riga an yi irin wannan gardama a gaɓar tekun Afirka ta Gabas, an kai ta inda mu ba mu kai tamu ba. Shi ya sa wannan takarda za ta duba littafin Derek Nurse da Thomas Spear na 1985, The Swahili, kan tarihi da harshen Suwahilawa daga shekara ta 800 zuwa ta 1500, ta nuna inda hujjarsu ta tsaya da ƙafarta da inda ta zarce, sannan ta dawo gida.

2. Abin da littafin ya tarar da abin da ya rushe

Sunan Suwahili daga Larabci yake, sawāhil, jam'in sāhil, wato gaɓa. Tushensa ɗaya da Sahel da ake kiran yankinmu. A zamanin mulkin mallaka, masu tonon kufai sun ɗauki biranen dutse na wannan gaɓa a matsayin ginin baƙi. James Kirkman ya kira Gedi «birnin Larabawa» a kan bangon littafinsa na 1954. Neville Chittick, wanda ya fitar da aikinsa kan Kilwa a 1974, shi ma ya ba baƙin haure kaso mafi tsoka. Harshen kuwa, da yawa sun ɗauke shi gaurayen Larabci da maganar bayi.

Nurse da Spear sun tunkari wannan ra'ayi da makamin da muka sani, wato kwatanta harsuna. Sun nuna cewa Suwahilanci ɗan iyalin Bantu ne, cikin reshen da ake kira Sabaki, tare da Pokomo da Mijikenda da harshen tsibiran Komoro, kuma sauye-sauyen sautinsa suna bin ƙa'ida daga kakan wannan reshe. Sun nuna kuma cewa mafi yawan kalmomin Larabci da ke cikinsa sababbin shiga ne, na bayan da Larabawan Oman suka kori Turawan Fotugal daga Mombasa a 1698, musamman ƙarni na 19 lokacin da Zanzibar ta zama fadar Sayyid Sa'id. Tonon da Mark Horton ya yi a Shanga, kusa da Lamu, wanda ya fito a 1996, ya ƙarfafa su: ƙarƙashin masallacin dutse an tarar da sawun ƙananan masallatai na itace, wani bisa wani, har zuwa ƙarshen ƙarni na 8, cikin gari mai tukwanen ƴan ƙasa.

Wannan ɓangare na littafin bai tsufa ba, kuma Bahaushe zai gane shi da sauri in ya aza harsunan biyu gefe da gefe. Sergio Baldi ya riga ya jera kalmomin Larabci da Hausa da Suwahilanci suka yi tarayya a kansu a 1988. Mu ɗauki kalmar kitāb. Basuwahile ya ji gaɓar ki- a farkonta, ya ɗauke ta ɗafa-goshin wani ajin suna na harshensa, sai ya ce kitabu a tilo, vitabu a jam'i, kamar yadda yake cewa kiti da viti, kujera da kujeru. Bahaushe kuwa ya haɗiye kalmar tare da al- ɗinta, ya ce littafi, ya yi mata jam'i irin nasa, littattafai. Haka labari da habari, alƙalami da kalamu, alƙali da kadhi. Kowane harshe ya ci baƙuwar kalma da haƙoransa. Yawan kalmomin aro ba ya faɗa muna dangin harshe. Tsarin sauti da ƙirar kalma da ginin jimla ke faɗa.

A nan akwai wani abin da ya kamata ya rage muna girman kai. Kalmomin Suwahilanci na karatu da rubutu, kusoma da kuandika, na Bantu ne tsantsa. Namu kuwa, kamar yadda Joseph Greenberg ya nuna a 1960, ta hannun Barebari suka shigo. Haka kasuwa: sūq ce ta Larabci, ta bi ta kasugu na Barebarci kafin ta iso gare mu, alhali ita ce soko a Zanzibar. Da ɗalibina ya bi ƙa'idarsa har ƙarshe, da ba ya da kalmar da zai kira aikin da yake yi.

3. Inda hujjar ta zarce: maganar Shiraz

Matsalar littafin tana wajen ruwayoyin asali. Gidajen sarauta da yawa na gaɓar suna cewa su Shirazawa ne. Tarihin Kilwa ya ce wani basarake ya taso daga Shiraz ta ƙasar Farisa da ƴaƴansa shida cikin jirage bakwai, kowa ya sauka a wani gari, ɗaya daga cikin ƴaƴan kuma, mai suna Ali, ya sayi tsibirin Kilwa da tufafi. A wata ruwaya ta baka, ya auri ƴar mai ƙasar. Nurse da Spear sun duba harshen, sun ga kalmomin Farisanci kaɗan ne, sai suka yanke cewa waɗannan Shirazawa Suwahilawa ne daga arewacin gaɓar da suka gangaro kudu, suka ari sunan wata ƙasa mai daraja don ƙarfafa mulkinsu. Wannan fassara ta samu karɓuwa ƙwarai, wani ɓangare don ta dace da zamanin: bayan ƴancin kai kowa yana son a maido wa Afirka abin da aka ƙwace mata. Kuma maganar ba ta tsaya a jami'a ba. A Zanzibar an kafa jam'iyyar Afro-Shirazi a 1957, kuma tambayar wane ne ɗan ƙasa wane ne baƙo tana cikin abin da ya zubar da jini a juyin juya halin 1964.

A 2023 mujallar Nature ta buga sakamakon gwajin ƙwayoyin gado na mutum 80 da aka tono, mafi yawansu daga garuruwan gaɓa shida, ciki har da Kilwa da Manda da Mtwapa, waɗanda suka rayu tsakanin 1250 da 1800. Cikin masu aikin akwai Chapurukha Kusimba, masanin kufai ɗan Kenya da ya daɗe yana kare asalin Afirka na waɗannan birane. Abin da aka samu shi ne: fiye da rabin gadon da yawa daga cikinsu na Afirka ne, kuma ta wajen mata ya fi zuwa; sauran babban kaso daga Asiya yake, kuma kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na wannan kaso daga mazan Farisa ne. Cuɗanyar ta soma wajen shekara ta 1000. Gadon Larabawa sai bayan 1500 ya yawaita.

Ke nan tsofaffin Kilwa ba ƙarya suke yi ba. Amma kuma wannan bai tayar da Kirkman daga kabari ba, domin hujjar harshe tana nan daram. Abin da ya faru shi ne abin da ruwayar baka ta faɗa tun farko: baƙo ya zo, ya auri ƴar gida, ƴaƴa suka tashi da harshen uwa. Kuskuren Nurse da Spear kuskuren hanya ne. Sun tambayi harshe abin da harshe ba ya iya amsawa. Ƙarancin kalmomin Farisanci yana nuna cewa Farisanci bai zauna a gida ba. Bai nuna cewa Bafarishe bai zauna ba. Sai dai a yi hattara da sabon sakamakon shi ma: kaburburan da aka tono mafi yawansu na manyan gari ne Musulmi, ba na masunta da manoman bayan ganuwa ba. In aka ɗauke shi hoton dukan Suwahilawa, an sake maimaita kuskuren na farko da sabon kayan aiki.

4. Komowa gida

Duk wanda ya tashi tsakanin Damagaram da Daura ya riga ya ji kamancin. Bayajida ya taso daga Bagadaza, ya biyo ta Barno, ya kashe macijiya a rijiyar Kusugu, ya auri Daurama, jikoki suka cika bakwai da Biram. Baƙo namiji, sarauniya ƴar gida, lamba bakwai. Mu ma an yi muna zamanin «ginin baƙi»: Carl Meinhof a 1912 ya sa Hausa cikin harsunan da ya kira na Ham, wai na wasu fararen makiyaya da suka shigo daga arewa. Greenberg ya rushe wannan, ya zaunar da Hausa cikin iyalin Cadi. Abdullahi Smith a 1970 da John Sutton a 1979 sun nemi tushen daulolin Hausa a cikin ƙasar kanta, ba a Bagadaza ba. Na yarda da su. Ban ce gwajin ƙwayoyin gado zai fito muna da ɗan sarkin Bagadaza ba, kuma kamancin labaran biyu yana iya zama shaidar cewa tsari ne da al'ummomin Musulmi na gefen duniyar Musulunci suke zuba tarihinsu a ciki. Abin da nake cewa shi ne tsarin labari yana iya zama na aro, abin da aka zuba ciki kuma ya zama gaskiya.

Damagaram ce ma misalin da ba ya buƙatar tono. Gidan sarautar ya danganta kansa ga Malam Yunus, wanda ya fito daga wajen Barno a ƙarni na 18. Sarakunan sun daɗe suna kai gaisuwa ga Barno, har ƙarfinsu ya kai matuƙa a zamanin Tanimu, wanda ya rasu a 1884. Sarautu irin su Galadima da Ciroma da Yarima da Kaigama asalinsu Barno ne. André Salifou ya bayyana wannan daula a littafinsa na 1971. To amma harshen birni da kasuwa Hausa ne. Mai nazarin da zai zo nan bayan shekara ɗari biyar, in ya yi aiki irin na Nurse da Spear, zai tabbatar da cewa Damagaranci karin Hausa ne, kuma ya yi daidai. In ya ƙara da cewa saboda haka labarin Malam Yunus ƙage ne, ya ɓata.

Akwai kuma gadon da mu masu karatun Faransanci muka ɗauko. Manyan ayyukan nazarin al'umma kan Hausawan Nijar, irin na Guy Nicolas a Maraɗi da na Nicole Échard a Adar, sun mai da hankali sosai ga Azna da bori da sarakunan noma. Ayyuka ne masu daraja, kuma marubutansu ba su ce Musulunci baƙo ne ba. Amma abin da ya tsiyayo zuwa azuzuwanmu shi ne wani lissafi mai sauƙi: a ɗebe Musulunci, a ɗebe Barno, abin da ya saura shi ne Bahaushen asali. Kalmar autochtone ta Faransanci tana taimakon wannan ruɗu, domin tana cusa tambayoyi uku cikin buhu ɗaya: daga ina harshen ya fito, daga ina jinin ya fito, kuma me mutane ke faɗa game da kansu. Kalmarmu ta asali, wadda ita kanta daga aṣl na Larabci take, ba ta fi ta tsabta ba.

Maganar ta ƙara nauyi tun da kundin tsarin ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Za a buƙaci ƙamus da littattafan makaranta da kalmomin fannoni, kuma na riga na ji masu cewa a tace harshen daga aro. Tanzaniya ta bi wannan hanya kafin mu, ta kafa hukumar kula da Suwahilanci a 1967, kuma har yau kitabu da soko da habari suna nan cikin littattafan yaranta. Ɗalibanmu na yau su ne za su zauna a irin waɗannan kwamitoci.

Na mayar wa ɗalibin kundinsa, na ce ya ɗauko labarin tsohon daga ƙasan shafi ya maido shi cikin babi, ya rubuta shi yadda aka faɗe shi, sannan ya koma Hamdara da tambayoyi uku: wa kakan nan ya aura, wane harshe ƴaƴansa suka yi, kuma a wace unguwa aka bisne shi. Da muka sake sauraren muryar tare a ofis, sai muka tarar tsohon ya riga ya amsa ta farko ba a tambaye shi ba. Ya ambaci sunan matar da na ƙauyen ubanta, ya ce mutanen wurin ne suka ba baƙon gona. Ɗalibin ya tsallake wannan wuri lokacin da yake kwafe maganar a takarda, don a ganinsa ba ya cikin batun.