Suna da laƙabi cikin Maison Ikkoku: abin da fassarar faransanci ta zubar

1. Gabatarwa

Majigin zane ba baƙo ba ne a jahar Tawa, inda Moustapha Alassane, mai Bon voyage Sim (1966), ya daɗe yana zaune yana aiki. Amma majigin zanen Japan ta bakin faransanci ya iso wa masu kallo na ƙasashenmu, kuma a matsayin wasan yara. A cikin wannan ɗan nazari za mu sake duban guda daga cikinsu, Maison Ikkoku, domin mu nuna cewa ƙashin bayan labarin yana cikin kalmomin kira, kuma hausa ta fi faransanci kayan aikin ɗaukarsa.

2. Labarin

Takahashi Rumiko ta zana labarin daga 1980 zuwa 1987 a wata mujalla ta manya. An mai da shi majigi mai kashi 96 tsakanin 1986 da 1988, sannan tashar TF1 ta Faransa ta soma nuna shi a 1988 cikin shirin yara na Club Dorothée, da sunan Juliette je t'aime.

Godai ɗalibi ne matalauci da ke haya a wani tsohon gida. Kyoko, mai kula da gidan, yarinya ce da mijinta Soichiro ya rasu wata 6 bayan aurensu. Ban dariya na fitowa daga ƴan haya masu shaye-shaye da tsegumi, da kuma Mitaka, abokin takarar Godai, mai kuɗi da kyau amma mai tsoron kare. Ban tausayi kuwa na fitowa daga kabarin da Kyoko ke ziyarta kowace shekara.

3. Kalmomin kira

Abu uku muka lura da su. Na farko, Godai kan kira ta kanrinin-san, wato laƙabin aikinta haɗe da ɗafin girmamawa. Sunanta na yanka kan kuɓuce masa ne cikin mafarki ko cikin maye, kamar daren da ya tsaya a titi yana shelar sonta. Tafiyar labarin duka ita ce tafiyar bakinsa daga laƙabi zuwa suna. Na biyu, karen Kyoko yana ɗauke da sunan marigayin, saboda haka duk lokacin da ta kira shi mai kallo na dariya, Godai kuwa na jin ciwo. A kalma guda raha da makoki suka haɗu. Na uku, sunayen ƴan haya na ɗauke da lambar ɗakinsu: go na Godai biyar ne, kuma ɗaki na 5 yake.

Fassarar faransanci ta mai da su Juliette da Hugo, lambobin suka ɓace. Abin da ya fi muni shi ne taken kansa: ya ɗauki suna da furucin so, waɗanda Godai ya yi shekaru yana haɗiyewa, ya kafa su a ƙofa.

4. Ta fuskar hausa

Mai kallo na Babankatami, ko na kowane gari tsakanin Buza da Madawa da Keita, ba ya bukatar sharhi a nan. Ya san matar da ba ta faɗin sunan mijinta sai maigida ko malam, ya san uwar da ba ta kiran sunan ɗan fari. Ya san takaba ta wata 4 da kwana 10, da zawarci, da iyayen da ke matsa wa bazawara ta sake aure, kamar yadda uwar Kyoko ke yi. A wurinsa rashin faɗin suna magana ce, kunya ke nan.

To, da wace kalma za a fassara kanrinin-san? Uwargida za ta sa aure inda babu shi tukuna. Uwar ɗaki ta fi dacewa a ganinmu, domin tana nuna girmamawa da dogaro, ta kuma bar tazara tsakaninsu.

5. Kammalawa

Majigin na da rauninsa. Rashin fahimtar juna na maimaituwa har ya gunduri mai kallo a tsakiyar jerin, kuma shaye-shayen ƴan haya sun isa hujjar cewa ba na yara ba ne. Duk da haka ya cancanci a sake kallonsa da kunne, ba da ido kaɗai ba. Masu fassara finafinan Indiya zuwa hausa a Kano sun nuna cewa aikin na da kasuwa. Ranar da irinsu za su taɓa Maison Ikkoku, shawararmu ita ce su bi asalin japananci, kada su bi ta faransanci, su kuma bar Godai ya riƙe laƙabin har lokacin da labarin ya ba shi izinin sakinsa.