Magana a kan hashiyar kwafin Tabbat Haƙiƙa na ƙasar Ƙonni

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya kai mai karatu, kafin ka shiga matanin da ke biye, dole in yi maka bayanin hashiyar da ke gefen wannan kwafi, domin na bar ta yadda take alhali ban gamsu da ita ba.

Kwafin na same shi cikin gafakar wani malami a wani ƙauye tsakanin Birnin Ƙonni da Malbaza. Takardar mai alamar wata uku ce, matani da baƙar tawada, wasulla da ja, hashiya kuma da hannun wanda ya juyi waƙar. Hausarsa ta yamma ce, ban gyara masa ita ba.

Waƙar sananniya ce. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta kusa da Galmi a 1754, shi ya yi ta da Fulatanci lokacin zamansa a Sifawa. 'Yarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa wajen 1831, ɗansa Isa ya yi mata tahamisi. Aikinta wa'azi ne ga jama'a, irin wanda Shehu ya saba fita da shi daga makarantarsa ta Degel zuwa Kabi da Zamfara, yana karantar da maza da mata cikin harshen da suke ji.

To, ga inda muka saɓa da mai hashiya, Allah ya jiƙansa. Duk baitin da ya ambaci zalunci, sai ya rubuta a gefe cewa wanda aka zalunta ya yi haƙuri, jarrabawa ce, lada na gaba. Maganar gaskiya ce, babu Musulmin da zai musa ta. Amma baitocin ba da wanda aka zalunta suke magana ba. Da mai mulki suke, da alƙalin da ke karkatar da hukunci, da mai cin dukiyar da ba tasa ba, su ake yi wa gargaɗi da wuta. Hashiyar ta juya fuskar waƙar daga fada ta mayar da ita ƙofar talaka. Almajirin da ya karanta matani da hashiya tare zai tashi yana zaton Shehu ya ce a yi shiru.

Tarihin Shehu bai yarda da wannan fassara ba. A Magami, wajen 1788, Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya ba shi kyauta a taron Babbar Salla, ya ƙi karɓa, ya roƙi abu biyar a madadinta, cikinsu har da sakin waɗanda ke ɗaure da sassauta wa talakawa haraji. A Kitabul Farƙi ya kira jangali da kuɗin gari da gaisuwa da sunayensu na Hausa, don kada wani ya ce bai gane abin da ake nufi ba. Abin da ya fi nauyi a wurina shi ne lokacin da aka yi waƙar: bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 ne, mulki yana hannun mutanensa. Almajiransa yake yi wa kashedi, ba Gobirawa ba.

Ba ina nufin jama'ar Shehu ba su san haƙuri ba. Sun yi hijira zuwa Gudu a 1804, sun sha yunwa, sun binne mahaddata Alƙur'ani kimanin 200 a Tsuntsuwa. Sai dai haƙurin yana da nasa gurbi a wa'azinsu, kashedi ga azzalumi yana da nasa.

Ina yi wa mai hashiya uzuri guda. Zatona ya yi rubutunsa ne bayan rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta auka wa Birnin Ƙonni a 1899, aikin tilas kuma ya biyo baya. Malamin da ke zaune cikin mutanen da ba su da ikon ɗaga murya, mai yiwuwa haƙuri kaɗai ya ga zai iya ba su. Na fahimce shi. Amma uzurin mai sharhi ba ya zama ma'anar matani.

Ita kanta waƙar, in an bar ni in faɗi ra'ayina, ƙarfinta yana cikin amshin da ke rufe kowane baiti, yana dawowa kamar bugun taɓarya har ya zauna a kunne. Tahamisin yana ƙara bayani, amma a wasu wurare yana jinkirta isowar bugun.

Saboda haka na sa hashiyar a ƙasan kowane shafi da ƙananan haruffa, na kuma yi alamar tauraro a duk inda na ga ta kauce wa baitin da take fassarawa. Wallahu a'alamu.