Jinjina ga Masu Matse Fim a Wasagu

A Wasagu, inda data ke da tsada kuma sabis kan ɗauke, shagon turi shi ne sinimar gari. Jinjinata ga mai shagon da ba ya gaggawa wajen matse fim.

Fim ɗin Kannywood na awa biyu sai an rage masa nauyi kafin ya shiga memorin ƙaramar waya. Mai garaje zai bi ta kansa sau ɗaya, ya ba kowace daƙiƙa rabo daidai wa daida. Da an zo wurin rawa ko sukuwar doki, sai fuskoki su dagule. Gwani kuwa yakan sa manhajar HandBrake ta zagaya fim ɗin sau biyu. Zagayen farko nazari ne kawai: ina motsi ya yi yawa, ina dattawa biyu ke zaune a zaure suna hira. A na biyu sai ta rage wa zauren, ta ƙara wa rawar. Nauyin bai ƙaru ba, amma hoto ya fito tas, har aikin wuyan riga ana gani.

Wannan haƙuri yana cin lokaci da man janareta, alhali kuɗin turi yana nan yadda yake. Allah ya yi wa sana'arku albarka, samari.