Kwalba Ɗaya, Cuta Arba'in

Duk wanda ya ratsa Kasuwar IBB da hantsi, ko ya tsaya jiran mota a Madalla, ya san muryar. Mota a fake, lasifika a kan rufi, kwalabe jere a kan tebur. A da basir da sanyi da shawara ake kira. Yanzu an ƙara sabon layi: faɗuwar gaba, rashin barci, yawan tunani, ƙuncin zuciya, wai duk kwalba ɗaya ta kore su. Kuma ana saye. Mu ne masu sayen, shi ya sa maganar ta zama tamu.

Mai saye dai ba mu ga laifinsa ba. Magidancin unguwar nan kan fita kafin a idar da asuba, ya sha cunkoson Madalla da Zuba kafin ya kai bakin aikinsa a Abuja, ya dawo bayan isha. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin mota ke cinye abin da ya kamata ya shiga tukunya, ga mai gidan haya na jira. Da yawanmu iyaye suna Zamfara ko Katsina ko Sakkwato, idan waya ta yi ƙara tsakar dare sai gaba ya yanke ya faɗi. Akwai kuma waɗanda suka ga gobarar tankar mai ta mahaɗar Dikko a watan Janairun 2025 da idonsu, har yau barci bai dawo musu daidai ba. Wanda ke cikin wannan hali, in aka ce masa ga sauƙi a kwalba, dole ya miƙa hannu.

Kuma kada a ɗauka gaba muke yi da itatuwa. Da su aka raine mu. A nan kusa, a Idu, cibiyar binciken magunguna ta NIPRD ta karɓi haɗin wani mai maganin gargajiya, mai ɗauke da masoro da kanumfari da karan dafi, ta gwada shi shekara da shekaru har ya zama Niprisan, maganin da ke rage tashin ciwon sikila. Zoɓon da muke sha kullum, bincike ya nuna yana ɗan sauko da hawan jini. Shayin na'a-na'a da daddare ma ba kasafai yake cutar da mutum ba. To amma Niprisan an san abin da ke cikinsa, an san adadin da za a sha, an san cuta ɗaya da aka yi shi dominta. Kwalbar bakin kasuwa fa?

Kuskuren farko na mai lasifika shi ne ya mayar da alama cuta. Faɗuwar gaba tana iya zama damuwa, haka ne. Amma tana iya zama hawan jini, ko ƙarancin jini musamman ga mai jego, ko maƙoƙo mai yawan aiki, ko ciwon zuciya. Wani ma goro ne da shayi mai kauri da lemon ƙara kuzari da yake ɗura wa cikinsa tun safe. Mai lasifika bai auna jinin kowa ba, bai tambayi ko mace tana da ciki ba, bai san ko dattijo yana shan maganin sukari ba. A unguwar nan mun ga wanda ya ajiye ƙwayoyin asibiti ya koma kwalba, wata uku bai yi ba sai ga shi da shanyewar ɓarin jiki.

Na biyu, ɓoye abin da ke ciki. Ka tambaya, a ce maka sirrin gado ne. Alhali ba kowane ganye ne mai sauƙi ba. Zakami ma tsiro ne, kuma kowa ya san yadda yake juyar da hankali, har ya kai ga kisa. Idan ruwan kwalba ya kwantar da ƙato cikin minti goma, ya kamata a tambayi abin da ya kwantar da shi. Mun ga yadda kodin ya cinye mana yara har gwamnati ta hana maganin tari mai ɗauke da shi a 2018, kuma wasunsu da neman mantawa da damuwa suka fara. Wasu masu tallan kan nuna lambar NAFDAC a matsayin hujja. A karanta takardar jikin kwalbar da kyau: lambar da hukumar ke fara bai wa maganin gargajiya tana nufin an duba ba a ga guba ba, kuma a jiki ake rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba. Da yawa ma ko wannan lambar babu.

Na uku shi ya fi ci mana rai. Mai magani na garuruwanmu na asali ya san ka, ya san mahaifinka. Zai shimfiɗa maka tabarma, ya tambaye ka gida da kasuwa da bashi, kafin ya ɗauko saiwa. Rabin maganin a wannan hirar yake. Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya gane haka tun 1954, lokacin da ya zaunar da masu taɓin hankali tare da danginsu a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, ya kuma jawo masu maganin gargajiya suka yi aiki tare da likitoci. Mai lasifika ya yar da hirar ya riƙe kwalba. Gobe yana Tafa, jibi yana Lambata, in abu ya ɓaci ba ka da wanda za ka kama.

Mu ma da namu laifin. Wanda ya ce zuciyarsa ba daɗi, sai mu ce ya rasa tawakkali. Wanda ya je ganin likitan ƙwaƙwalwa, sai a fara raɗa cewa ya taɓu, a hana 'ya'yansa aure. Wannan kunyar ce ke kai mutane gindin lasifika, inda ba mai tambayar sunanka. Ƙasar nan ta sauya tsohuwar dokar mahaukata ta 1958 da sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, mu kuwa bakinmu bai sauya ba. Addu'a da neman magani ai ba kishiyoyi ba ne.

Don haka ga roƙonmu. Wanda gabansa ke yawan faɗuwa ya fara zuwa a auna jininsa, ko a Babban Asibitin Suleja ko a asibitin sha-ka-tafi mafi kusa. Idan damuwa ta wuce mako biyu tana hana barci da abinci da aiki, ko mutum ya fara cewa gara mutuwa, a raka shi asibiti ranar, akwai likitocin wannan fanni a asibitin koyarwa na Gwagwalada. Mai shan sassaƙe ya faɗa wa likita, kada ya ajiye maganin asibiti da kansa. Masu unguwanni su daina barin mota ta kafa lasifika a ƙofar masallaci sai mai ita ya faɗi abin da ke cikin kwalbarsa da inda za a same shi gobe. Limamanmu kuma su sa maganar a huɗuba. Maƙwabcin da muka ga ya daina zama majalisa kuwa, mu taka mu je mu gaishe shi, mu zauna mu ji abin da ke damunsa.